Bcl-2 a sankarar cikin mahaifa: me ya sa mai shi ta fi wadda ba ta da shi samun sauƙi?

Ƙaramar Likita, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum malamaina. Ina neman haske a kan aikin bincike na kammala horon ƙwarewa. Batun shi ne furotin masu hana ƙwayar halitta kashe kanta, wato Bcl-2 da survivin, a sankarar shimfiɗar cikin mahaifa, da ko za su iya nuna wace mara lafiya ce cutar za ta fi tsananta mata. Akwai samfuran nama cikin bulo na kakin farafin da aka ajiye na wajen shekara takwas, ba su kai 70 ba. Wasu na mahaifar da aka cire gaba ɗaya ne, wasu na ɗan abin da aka kankaro don gwaji.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. A hankalce, ƙari mai yawan furotin da ke hana shi mutuwa ai shi ya kamata ya fi muni. Amma yawancin abin da nake karantawa cewa yake yi ƙarin da ya rasa Bcl-2 shi ne ya fi kisa. Ni ce na fahimta a juye? Sannan wane tsari zan bi wajen rinin naman da ke nuna furotin ɗin don kada a ɓarnatar da antibodi, wato sinadarin da ke kama shi, kuma idan sakamako ya fito, akwai maganin da zai canza saboda shi?

Malam Na-Madubi:

Wa alaikumus salam Likita. Ba ki fahimta a juye ba. Sunan aikin furotin ɗin ne ke yaudarar mutane.

An gano Bcl-2 a tsakiyar shekarun 1980 a wata sankarar kaluluwa, limfoma ta folikula, inda kuromosom na 14 da na 18 ke musanya gutsure. Wannan musanya tana ajiye kwayar gadon BCL2 kusa da wani makunni da ba ya mutuwa, sai furotin ɗin ya yi ta fita ba ƙaƙƙautawa. A can shi ne tushen cutar. Aikinsa kuwa sananne ne: yana zaune a fatar waje ta mitokondiriya, wato injin samar da ƙarfi na cikin ƙwaya, yana danne furotin Bax da Bak kada su huda ta. Da zarar sun huda, saitokirom c ya zubo, caspase-9 ya farka, ya tayar da caspase-3, ƙwayar ta wargaza kanta daga ciki.

A mahaifa babu wannan musanya. Abin da ke kunna Bcl-2 a can istirojin ne. Ɗauki shimfiɗar mahaifar mace mai lafiya ki rina ta a kwanakin da ke bayan ɗaukewar jinin al'ada, lokacin da take kauri: ƙwayoyin gilan za su fito ruwan ƙasa mai duhu. Ki rina ta bayan fitar ƙwai, lokacin da furojestaron ya karɓi ragama, za ki ga launin yana dusashewa. Gab da zuwan jini kusan babu shi a saman shimfiɗar, kuma wannan rashin ne ke ba ta damar mutuwa ta zube. Ƙasan da ke manne da tsokar mahaifa shi ke riƙe nasa, don daga nan sabuwa za ta tsiro. To kin ga a wannan gaɓar jiki, Bcl-2 sawun istirojin ne.

Yanzu ki ɗora wannan a kan rabon sankarar cikin mahaifa gida biyu da masani Bokhman ya yi a 1983. Kashi na farko shi ne ƙarin da istirojin ya raina: mace mai ƙiba, mai ciwon suga, wadda ba ta haihu ba ko wadda ƙwanta ba ya fita a kan kari, shimfiɗa ta yi ta kauri har ta rikiɗe. Irin wannan ƙari yana kama da uwar da ta haife shi, yana da makarɓan istirojin da furojestaron, giredinsa, wato ma'aunin munin kamanninsa a madubi, yana ƙasa, sau da yawa bai nutse cikin tsoka sosai ba. Shi ke riƙe da Bcl-2, saboda har yanzu yana jin maganar istirojin. Kashi na biyu, wanda nau'in ƙarin da ake kira siros ke jagoranta, yana tasowa ne a kan busasshiyar shimfiɗar tsohuwa, furotin p53 ɗinsa ya lalace, makarɓan homon sun tafi, Bcl-2 ya bi su. Bai damu da rashinsa ba, don mai gadin da zai ba da umarnin mutuwar, wato p53, ya riga ya faɗi, kuma akwai 'yan uwan Bcl-2 irin su Bcl-xL da Mcl-1 da za su iya tare masa ƙofar. Haka abin yake a sankarar nono ma: mai Bcl-2 yawanci ita ce mai makarɓan istirojin, kuma ita ta fi sauƙi. Akwai ƙarin dalili ɗaya da ba a cika faɗa ba, shi ne Bcl-2 yana jinkirta shigar ƙwaya cikin zagayen rabuwa. Ƙwayar ba ta mutuwa da wuri, amma kuma ba ta gaggawar hayayyafa.

Inda gizo ke saƙar shi ne nan: tunda Bcl-2 yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da giredi da nau'in ƙari da makarɓan homon, da kin sa waɗannan cikin lissafi sai ƙarfinsa na kansa ya ragu, a wasu binciken ma ya ɓace. Shi ya sa sakamakon bincike-bincike bai haɗu a kai ba, kuma shi ya sa ba ya cikin ƙa'idojin da ake bi wajen magani.

Ɗan Lab, Argungu:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Likita, kafin a kai ga wagga magana ta fassara, akwai tarko a ƙasa, kuma shi ya fi kama masu irin wanga aiki a ƙasarmu.

Alamar da kike nema rashi ce, wato ƙari ya ƙi rinuwa. To naman da bai sha fomalin da kyau ba shi ma ƙin rinuwa yake yi. Ke nan duk kuskuren ajiya zai bayyana gare ki a matsayin "mummunan ƙari".

Fomalin yana ratsa nama kamar milimita 1 a awa. Mahaifar da aka jefa cikin roba a rufe, bangonta ya kai santimita 2 ko fiye, bakinta a tsuke, ruwan ba ya shiga ciki. Tsokar waje ta sandare, ƙarin da ke ciki yana ruɓewa a hankali, balle a Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ga samfuri ya kwana a mota daga Yauri ko Zuru. Da an buɗe sai a tarar da ciki ya yi laushi kamar kunu, yana bin wuƙa. Kuma lura: manyan ƙari su suka fi ruɓewa, kuma su ne dama suka fi nisa a mataki. Sai lissafi ya ba ki alaƙa kyakkyawa tsakanin rashin Bcl-2 da mataki mai nisa, alhali robar fomalin ce ta ƙirƙiro ta.

Ga sabbin samfura, a buɗe mahaifa cikin awa ɗaya da cire ta, a tsaga ta gefe da gefe, ta wajen ƙarfe 3 da ƙarfe 9, daga baki zuwa sama, ta rabu gaba da baya. Roba mai faɗin baki, fomalin ya ninka naman sau 10 aƙalla. Awa 24 zuwa 48 ya isa, kada ya wuce 72. Fomalin ɗin kuma ya zama mai daidaitaccen pH. Haɗin lita ɗaya: mililita 100 na fomaldihaid mai kashi 37 zuwa 40, mililita 900 na tataccen ruwa, giram 4 na sodiyam fosfet monobesik, giram 6.5 na daibesik, pH ya tsaya wajen 7. Wanda aka haɗa da ruwan gishiri kawai yana tsami da daɗewa, ya bar baƙin ɗigo-ɗigo a wurin da jini yake, kuma mai sabon ido zai ɗauka rini ne.

Ga tsofaffin bulonki ba abin da za a gyara, sai tantancewa. A fara yanka kowanne a yi masa rinin yau da kullum, wato H da E. Wanda ƙwayoyinsa suka saki juna, cibiyoyi suka yi dishi-dishi, a ajiye shi gefe. Sau da yawa ɗan abin da aka kankaro ya fi mahaifar kyau, don ƙanana ne, fomalin ya ratsa su nan take.

Rinin kansa: yanka kaurin maikiron 3 zuwa 4 a kan gilas mai caji, in ba haka ba naman zai saɓule a tukunya. A gasa a digiri 60 na awa ɗaya; shanyawa a rana ko a kan faranti mai zafi fiye da kima yana kashe furotin. Zailin sau uku, minti 5 kowanne, don sauran kaki yana barin wurare fari-fari. Antibodin da aka fi amfani da shi shi ne kulon 124, kuma ya fi fitowa idan aka dafa gilas a Tris-EDTA mai pH 9, digiri 95 zuwa 100, minti 20, sannan a bar shi ya huce cikin ruwan na wasu minti 20. Haidurojin ferokzaid kashi 3 na minti 5 zuwa 10. Kada a amince da tsarmin da ke jikin takarda kai tsaye: a gwada 1:50, 1:100 da 1:200 a kan tonsil, a zaɓi mafi tsarmi da ya ba da hoto mai tsabta. Lokacin hunturu a rufe gilas cikin akwati mai jiƙaƙƙiyar auduga, don ɗigon antibodi yana bushewa cikin mintoci, gefen naman ya yi duhu na ƙarya. DAB, sinadarin da ke fito da launin ruwan ƙasa, minti 5 zuwa 10, ana duba shi, da safar hannu.

Tonsil mai kyau zai nuna zobe: kewayen folikul ruwan ƙasa mai duhu, tsakiya fari-fari da 'yan ƙwayoyi ɗaiɗai masu launi. Idan tsakiya ma ya rine duka, antibodi ya yi kauri. Amma tonsil yana ba da shaida ne a kan rinin wannan rana kawai, bai san abin da ya faru da mahaifar shekara shida da suka wuce ba. Shaidar wannan tana cikin naman kansa: ƙananan ƙwayoyin garkuwar jiki, wato limfosait, da ke tsakanin gilan dole su rinu. Ƙari fari, limfosait masu launi, wannan rashi ne na gaskiya. Ƙari fari, limfosait fari, a rubuta "ba ya karantuwa", kada a ƙirga shi.

Antibodi yana son digiri 2 zuwa 8. Firij da ke ɗumama duk lokacin da aka ɗauke wuta yana rage masa ƙarfi, don haka a tara gilasai a rina su zubi biyu ko uku a jere, maimakon a ja aikin wata shida.

Likitar Mata, Gusau:

Ƙanwata, tambayarki ta ƙarshe amsarta gajera ce: a'a. Ba wata mace da za a ƙara wa gashin sankara na na'ura ko a rage mata kimo saboda Bcl-2. Venetoclax, maganin da ke toshe shi, an amince da shi a Amurka a 2016 don wata sankarar jini, kuma ba ya cikin maganin sankarar mahaifa.

Abin da mai tiyata ke nema a rahotonku bayan an cire mahaifa da ƙwayaye da bututunsu: nau'in ƙari, giredi, ko ya ci rabin tsoka ko bai kai ba, ko ya sauka cikin naman bakin mahaifa, ko ya shiga jijiyoyi, da halin kaluluwa. Shigar jijiya ma a faɗi adadi, don 5 ko fiye shi ake ɗauka mai yawa. Da waɗannan ake yanke ko a sa ido kawai, ko gashin ciki ta farji, ko gashin ƙugu, ko kimon carboplatin da paclitaxel. Ga macen da za a ce ta tafi Sakkwato ko Zariya neman gashi, ta bar gida makonni, wannan hukunci ba ƙaramin abu ba ne gare ta da mai ɗaukar nauyinta.

In da kuɗin antibodi biyu ko uku ne a hannu, p53 da PMS2 da MSH6 sun fi cancanta. Tun babban binciken ƙwayoyin gadon sankara na TCGA na 2013 an raba wannan sankara gida huɗu: mai sauyin ƙwayar gadon POLE, mai lalacewar MMR (tsarin gyaran kuskuren DNA, wanda rinin PMS2 da MSH6 ke nunawa), mai lalataccen p53, da wadda ba ta da ko ɗaya. Rabon WHO na 2020 ya ɗauke shi, matakan ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, na 2023 ma haka. Mai lalataccen p53 ita ta fi muni, kuma binciken PORTEC-3 ya nuna ita ta fi amfana da haɗa kimo da gashi. Mai lalacewar MMR kuwa, wadda ta kai kusan ɗaya cikin huɗu, tana buɗe ƙofa biyu: maganin garkuwar jiki ga mai halinsa, da zargin ciwon Lynch, wato gadon haɗarin sankara, wanda ya shafi hanjin 'yan uwanta da 'ya'yanta. Wannan na biyun ko ba kuɗin magani yana da amfani, don dangi za su san su riƙa duba kansu.

POLE sai da karanta jerin DNA, babu rininsa. Sai a yi hattara: ƙari mai POLE yana iya nuna p53 mara kyau amma halinsa mai sauƙi ne, don haka a rubuta a rahoto cewa ba a gwada shi ba.

Abu ɗaya kuma. A nan sankarar bakin mahaifa ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma mace takan zo ƙari ya cika ko'ina. Cikin bulon da aka rubuta wa "cikin mahaifa" a kankare, ba mamaki akwai na bakin mahaifa mai gilan. Ki tace su tukuna.

Ƙaramar Likita, Birnin Kebbi:

Na gode Hajiya, na gode Malam, Allah ya saka. To in bar Bcl-2 gaba ɗaya ke nan? Kuma ba wanda ya taɓa survivin. Sannan yaya zan ba da maki, tunda wasu suna yanke iyaka a kashi 10, wasu a wani wurin daban?

Malam Na-Madubi:

Kada ki bar shi, ki canza tambayar. Hajiya tana magana ne a kan magani, ke kuma bincike kike yi. Ki rina p53 da ER, wato makarɓin istirojin, tare da shi, ki tambaya: a cikin matanmu, yaya Bcl-2 yake rabuwa tsakanin masu lalataccen p53 da sauran? Wannan tambaya ce da bulo 60 za su iya cewa wani abu a kanta, kuma an san cewa a Amurka baƙaƙen mata sun fi samun nau'in siros da lalacewar p53, don haka sanin yadda rabon yake a Kebbi abu ne mai daraja a karan kansa.

Karatun p53 shi ma da nasa tarko. Lafiyayye shi ne warwatse, wasu cibiyoyi duhu, wasu haske, wasu babu. Mara kyau iri uku ne: kashi 80 ko fiye na cibiyoyi sun yi duhu sosai, ko babu ko ɗaya alhali ƙwayoyin da ke kewaye suna da ɗan launi, ko launin ya koma cikin ruwan ƙwaya. Na tsakiyan nan yana faɗawa ramin da Ɗan Lab ya nuna.

Survivin kuwa daga wani gida yake, gidan furotin masu hana mutuwar ƙwaya da ake kira IAP, an bayyana shi a 1997, kwayar gadonsa BIRC5 tana kuromosom na 17. Shi alkiblarsa ta fi bin hankali: yawansa yakan zo tare da giredi mai girma. Sai dai yana da aiki na biyu. Lokacin rabuwar ƙwaya yana haɗuwa da Aurora B wajen jera kuromosom, don haka duk naman da ke saurin rabuwa zai nuna shi, har da lafiyayyar shimfiɗa a kwanakin kaurinta. Idan ba ki sa Ki-67, alamar saurin rabuwa, a gefe ba, ba za ki san ko hana mutuwa kike aunawa ko saurin rabuwa ba. Ki ba na cibiya makinsa daban, na ruwan ƙwaya daban. Kuma a yi amfani da tsarin folima wajen fito da launi, kada a yi da abidin da bayotin, domin wasu ƙwayoyin shimfiɗar mahaifa suna da nasu bayotin a cibiya, sai su ba da launin ƙarya daidai inda kike dubawa. In kuɗi ya gaza, survivin ne zai fara fita daga jerin.

Maki: yi H-score a ruwan ƙwayoyin ƙari kaɗai. Kaso mai rauni sau 1, matsakaici sau 2, mai ƙarfi sau 3, jimilla daga 0 zuwa 300. Misali kashi 20 mai ƙarfi, 30 matsakaici, 10 mai rauni: 60 da 60 da 10, ya zama 130. Ƙarfin launin limfosait shi ne ma'aunin 3 a kowane gilas. Ki duba saman ƙari da kuma bakin da ke kutsawa cikin tsoka, don sau da yawa ba sa zama ɗaya. Giredi kuma a sake bayarwa da ido ɗaya ga duka: dunƙulallen ɓangare kashi 5 ko ƙasa giredi 1, 6 zuwa 50 giredi 2, sama da 50 giredi 3.

Mai Lissafi, Zuru:

Likita, iyakar da za ki yanke ki rubuta ta cikin takardar neman izini kafin ki ga ko wa ya rayu. Wanda ya gwada 10, ya gwada 25, ya gwada 50, ya zaɓi wadda ta ba shi p ƙasa da 0.05, ya yaudari kansa ne. Mafi alheri ma a bar makin a matsayin lamba, kada a raba shi biyu.

Kalmar "hasashen makoma" a taken aiki tana buƙatar sanin makomar. A lissafin Cox, wanda ke auna abin da ke shafar tsawon rayuwa, ana son kimanin mutuwa ko dawowar cuta 10 ga kowane abu ɗaya da aka sa a ciki. Idan cikin mata 60 an tabbatar da 15, abu ɗaya ko biyu kawai zai shiga, alhali shekaru da mataki da giredi duk suna jiran wuri kafin Bcl-2. Waɗanda suka ɓace kuma ba haka kawai suka ɓace ba: wadda jikinta ya yi tsanani ita ake mayarwa ƙauye, layin waya ya mutu, ba takardar rasuwa. In aka ɗauke su a matsayin rayayyu zuwa ranar ƙarshe da aka gan su, layin Kaplan-Meier mai nuna kason waɗanda suka rayu zai yi kyau fiye da gaskiya. Ki ƙirga fayil nawa ke da bibiya ta shekara biyu kafin ki sayi ko kwalba ɗaya. In ba su kai rabi ba, ki mayar da taken zuwa alaƙa da giredi, zurfin kutse da p53. Mutum biyu su karanta gilas ba tare da sanin fayil ba, a fitar da kappa, ma'aunin yadda karatunsu ya dace. Ƙa'idojin REMARK na 2005 suna da jerin abin da ya kamata rahoton irin wannan aiki ya ƙunsa.

Ɗan Lab, Argungu:

Ƙari kaɗan kan tsimin antibodi. A ɗebo ɗan gutsure uku daga kowane bulo da allurar huda fata mai milimita 2, biyu daga tsakiyar ƙari, ɗaya daga bakin kutse, a jera su cikin sabon bulo ɗaya, tonsil a kusurwar hagu ta sama don a san inda layi ya fara. Mata 10 za su hau gilas guda. A zana taswirar jerin a takarda kafin a huda na farko, a sa sabon bulon a digiri 37 zuwa 40 ya kwana don kakin ya kama, sannan a ɗora shi kan ƙanƙara minti 15 kafin yanka, in ba haka ba a zafin nan wuƙa tumɓuke gutsattsarin za ta yi ɗaya bayan ɗaya.